Simintin wurin shanya ya tsattsage, yaya ake gyaransa ya riƙe?

Manomi, Auyo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magina. Akwai filin shanya na siminti a bayan gida, mita 6 da mita 8, kaurinsa kamar inci 3, shekararsa biyu da zubawa. A kai ake shanya shinkafa da riɗi. Yanzu tsaga iri uku gare shi: ƙanana sirara da suka bazu a sama, wata doguwa da ta raba shi biyu ta tsakiya, sai wata a kusurwar da ke kusa da darbejiya, inda gefe ɗaya ya ɗaga ya fi ɗayan. An shafe doguwar da siminti bara, damina na wucewa ta sake buɗewa. Riɗi yana zubewa ciki, tururuwa ta samu gida. Me ya kamata a yi kafin kaka?

Birkila, Wudil:
Wa alaikumus salam, Malam. Ukun nan ba ciwo ɗaya ba ne, don haka kada a sayi siminti tukuna.

A fara ɗaukar guntun rodi a bi filin ana ƙwanƙwasawa. Inda sautin ya fito daskararre, ƙasa na riƙe da shi. Inda ya yi kurum-kurum, ƙarƙashinsa rami ne, ko ruwa ya zaizaye ko gara ta yi hanya. A zana wa wurin da'ira da gawayi. Faci a kan rami asarar kuɗi ce.

Sirara na sama ba su da haɗari. Suna fitowa ne idan kwaɓi ya sha ruwa da yawa, ko an goge saman da cokali fiye da kima, ko iska ta busar da shi tun bai kama ba. A wanke, a dama siminti da ruwa kamar kunu mai kauri, a cusa da burushi, a share ragowar.

Doguwar ita ce mai aiki. Abin da ya sa shafen bara bai riƙe ba shi ne an ɗora shi a kan ƙura, ba shi da kauri, kuma tsohon siminti ya tsotse ruwansa. A sa cizil da guduma a buɗe ta, faɗin santimita 2, zurfin 2 zuwa 3. A kankare da burushin waya, a hure ƙurar da famfon keke, a wanke. A jiƙa wurin tun da safe, yadda da la'asar zai kasance da laima amma ba ruwa a kwance. A shafa kunun siminti a cikin ramin, kuma tun yana ɗanye a zuba kwaɓin, domin idan kunun ya bushe shi kansa ya zama katanga tsakanin tsoho da sabo. Kwaɓin: siminti awo 1, tankaɗaɗɗen yashi awo 3, ruwa kaɗan, yadda za ka dunƙule a hannu bai rushe ba kuma bai ɗiga ba. A danna da bakin katako sosai kafin a goge. Ga tsaga mai mita 6, siminti kilo 3 ya wadatar. Abin da aka kwaɓa a ƙare shi cikin rabin awa, kada a ƙara masa ruwa don ya fara tauri.

Mai kula da aikin gini, Dutse:
Oga Birkila ya yi bayani daidai, amma akwai matakin da nake so a sa kafin a taɓa doguwar. A gane ko tana motsi. A manna ɗan kwaɓi sirir kamar faɗin tafin hannu a ƙetare ta, wuri uku, a bari mako biyu zuwa uku. In mannin ya tsage, tsagar tana numfashi, kuma duk simintin da aka cusa mata zai sake fashewa, ko a wurin ko daf da shi.

Ina kyautata zaton mai motsi ce, saboda dalili biyu. Na farko, ƙasar fadamar Haɗeja laka ce, tana kumbura da damina, tana tsukewa da rani, daɓen da ke kanta yana bin ta. Na biyu, an zuba mita 8 a dunƙule ba a yanka ba. Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, kuma zafin bazara da sanyin daren hunturu suna ja da shi. Mai kaurin inci 3 zuwa 4 ana raba shi gida-gida, kowane mita biyu da rabi zuwa 3. Da ba a yi masa layi ba, sai ya yi wa kansa.

Saboda haka a bar ta ta zama mahaɗa. A daidaita bakinta da giranda, bango a tsaye, ba mai zurmawa kamar kwari ba, don bakin da ya yi siriri shi ke fara ɓarewa. A cika ƙasan da busasshen yashi, a bar santimita 1 a sama, a matsa masa manne mai talewa irin Sikaflex. Wannan kuwa sai wuri ya bushe ƙarau, saɓanin facin siminti. Sannan a yanka wasu layukan da giranda a sauran filin, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, su ma a cike su.

Birkila, Wudil:
Haka ne, ranka ya daɗe. Wasu za su ce a narka kwalta a zuba tunda ta fi sauƙin samu. A hanyar mota ko gaban shago ba laifi. Amma a inda ake shanya abinci ban yarda ba, rana tana sassauta ta, ta kama riɗi ta ɓata shi. Haka gam ɗin kafinta da wasu ke zubawa a kwaɓi, ruwa na taɓa shi yake saki, ba na waje ba ne.

Tsohon magini, Gaya:
Yaro, kusurwar nan ta darbejiya ba ta faci. Saiwa ce ta ɗaga ta. A yanka wurin kusurwa huɗu, a wuce tsagar da taƙi guda kowane gefe, a fasa a kwashe. A tone a sare saiwar, a kuma haƙa rami mai zurfin gwiwa tsakanin bishiyar da filin a datse duk wadda ta nufo shi. Darbejiya ba ta daina turo saiwa, sai a riƙa dubawa duk shekara.

A cika da burji kaɗan-kaɗan, inci 3 a yayyafa ruwa a daɓe, sannan a ƙara. Kada a juye duka a daɓe saman kawai, ƙasan zai zauna daga baya. Duk inda aka zana da gawayi ma haka za a yi masa. A shimfiɗa leda, a zuba kankare 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50 daidai yake da kwanon sarki 2, sai yashi 4, tsakuwa 8, ruwa kada ya wuce jarka mai lita 25. Buhu ɗaya yana rufe kamar murabba'in mita ɗaya da rabi a kaurin inci 4.

Ku kula da yashi. Rairayin jigawa ya yi laushi, yana shan ruwa, facinsa yana zama gari da kansa. A nemo na kogi mai kaushi. A zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in laka ta kwanta a sama da kauri, a wanke shi ko a sauya.

Ban ruwa kuma shi ake yawan wasa da shi. A rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu, a ɗora leda, a jiƙa safe da yamma kwana 7, a tare awaki. Kada a ɗora masa buhunan hatsi sai ya yi mako uku zuwa huɗu. A kuma duba inda ruwan indararo ke sauka, in a gindin filin ne a karkatar da shi, don shi ke cin ƙasar da ke ƙarƙashi.

Manomi, Auyo:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Indararo biyu kuwa a gefen nan suke zuba. Zan sa a manna gwajin gobe. Girandar nan ana samun haya, ko sai an kira mai walda da janaretonsa?