Wai da gaske babu mugun ɓangare a zuciyar mutum?

Malam Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Mu koma kan maganar Richard Schwartz, Ba'amurken da ya fito da IFS, wata hanyar magance damuwar zuciya ta hanyar tattaunawa, a shekarun 1980. Wai zuciyar ɗan Adam gida ce mai mutane da yawa, kuma babu mugu a cikinsu. Ni kam ban gamsu ba. Abin da ke tura yaro shan kodin har ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, ba mugu ba ne?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Ɓarna yana yi, amma ba ita ya fito yi ba. Schwartz ya kasa ɓangarorin zuciya gida uku. Akwai korarru, masu ɗauke da tsoro da kunyar abin da ya faru, an kulle su a ƙuryar ɗaki. Akwai masu gadi, su ke sa mutum zargin kansa, ko duba sakata sau uku kafin ya kwanta. Ranar da ƙarar babur ko ƙamshin wani turare ya buɗe ƙuryar, sai 'yan kwana-kwana su fito: ƙwaya, masifa, ci ba ƙoshi, yankar jiki. Ɗan kwana-kwana ba ruwansa da kayan ɗaki, shi dai wuta ta mutu. An hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018, amma wanda wutarsa ke ci tiramol zai nema.

Malam Auwalu: To ina za mu kai nafsul ammara da ke cikin Suratu Yusuf?

Dakta Hadiza: Tana nan daram. Ba a ce ka bi umarnin ɓangaren ba, cewa aka yi ka tambaye shi me yake karewa.

Sani: Bari in faɗi yadda zaman yake, don a daina ɗauka surkulle ne. Yawanci kusan awa guda ne a mako. Za a ce wa mutum ya nemo inda abin yake a jikinsa, ƙirji ne ko wuya ko ciki. Sai tambayar da komai ya rataya a kanta: ya kake ji game da shi? In ya ce "na tsane shi", wani ɓangaren ne ke magana, sai a roƙe shi ya ɗan matsa gefe. Sai an ji natsuwa da tausayi a muryarsa ake ci gaba, nan ne ainihin mutumin ya zauna. Daga nan a tambayi mai gadin: me kake tsoron zai faru in ka daina? Ba a isa wurin korarre sai mai gadi ya ba da izini. Mai gaggawa ya tsallake wannan, a daren nan marar lafiya zai kasa barci ko ya koma wa ƙwaya fiye da da.

Anti Binta: Sani, ka manta a Kano muke. Yarinya ta koma gida ta ce "wani a cikina ya ce", kafin magariba an kira mai ruƙiyya. Gara a ce "wata zuciyar na ce min", wannan kowa ya saba ji. Sannan wanda ke jin muryoyi a kunnensa kamar daga waje, ko yake ganin ana bin sa, ba nasa ba ne wannan. Likitan ƙwaƙwalwa zai gani, a Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau. Haka macen da har yau ake duka a gida: mai gadinta gaskiya gare shi, kada a ce ya sauka.

Sani: Haka ne Anti. Ƙari kuma, kada mai jagorantar zaman ya riƙa sa wa mutum magana a baki, yana iya dasa masa tunanin abin da bai taɓa faruwa ba.

Malam Auwalu: Hujja fa?

Dakta Hadiza: Nan kam ka kama mu, Malam. Gwajin da aka fi ambato na 2013 ne, kuma kan masu ciwon gaɓoɓi aka yi. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar CBT (gyara tunani da ɗabi'a) da EMDR (jinya ta hanyar motsa idanu) ga masu firgicin da ke biyo bayan masifa, ba IFS a ciki. Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa, da waɗancan za a fara masa.

Malam Auwalu: Madalla. Na yarda a tambayi ɗan kwana-kwana, amma kuɗin keken Inna sai ya biya.