Wasiƙun Mozart daga Italiya: yaron ne ya rubuta ko mahaifinsa?

Malama Bilkisu:
Assalamu alaikum. Ina koyar da rubutun wasiƙa a ƙaramar sakandare. Yarana da sun rubuta "bayan gaisuwa mai yawa" sai biro ya tsaya cak. Wani abokin aiki ya ce in nemi wasiƙun da Mozart, makaɗin nan ɗan garin Salzburg da ke Austriya ta yau, ya aika gida daga Italiya a 1770 yana ɗan shekara 14. To shi ya rubuta da kansa, ko uban ne ya tsara aka jingina masa?

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam Malama. Su biyun ne. Sun bar gida a Disamba 1769, shi da mahaifinsa Leopold, uwar da yayarsa Nannerl suka zauna. Uban ke cika takarda da zancen kuɗi da manyan da suka karɓe su, yaron ya ɗora nasa a ƙasa. Kina karantawa za ki gane hannun kowa.

Duba ta Rum, 14 ga Afrilu 1770. Leopold sai alfahari yake: ɗansa ya saurari wata waƙar coci da aka hana fitar da rubutunta, ya koma masauki ya rubuta ta daga ka. Shi kuwa gogan, labarin da ya ga ya kamata a ji a gida shi ne ya sumbaci ƙafar gunkin Bitrus, almajirin Annabi Isa, a babban cocin birnin, amma don gajarta sai da aka ɗaga shi. A Napoli cikin Mayu, duk girman birnin, tambayarsa ita ce: kanarin gida yana nan yana waƙa? Wai akwai wani a masaukinsu mai irin kukansa. A ganina babu uban da zai tsara wa ɗansa wannan.

Ɗan Damagaram:
Malama, ki tace kafin ki kai aji. Yaron bakinsa ba linzami, barkwancin bayan gida ba ya yi masa wuya, kuma yana cakuɗa Jamusanci da Italiyanci har da Faransanci. A tafiyarsu ta biyu, daga Milan, ƙarshen Nuwamba 1771, ya rubuta cewa ya ga an rataye mutum huɗu a dandalin babban cocin garin, ya ƙara da cewa irin ratayar garin Lyon na Faransa suke yi. Ko alhini babu.

Malama Bilkisu:
Na gode ƙwarai. Ta kanarin zan ɗauka. Kowa ya rubuta wa yayarsa labarin ranar da ya fara shiga Kano, kuma na hana gaisuwa ta wuce layi ɗaya.

Baban Khalifa:
Haba Malama, ki bar musu gaisuwarsu! Shi ma Mozart yakan rufe da cewa a sumbatar masa hannun mahaifiyarsa sau dubu.