Schumacher a Monako 2006: kuskure ne ko da gangan?

Mai Gareji: Jama'a, ku raba mu gardama da ƙanina. Jiya muka sake kallon zagayen neman gurbi na tseren motoci na Formula 1 a Monako a 2006, wato zagayen da wanda ya fi sauri ke samun gurbin gaba a layin tashi. Direba Michael Schumacher ne ya fi kowa sauri, abokin hamayyarsa Alonso ya taso a guje zai ƙwace gurbin, sai ga Ferrarin Schumacher ta tsaya cak a kwanar Rascasse. Aka ɗaga tutar rawaya ta gargaɗi, dole Alonso ya sassauta. Ni aikina gyaran mota, na maimaita wurin har shayina ya huce. Yadda Schumacher ya murza sitiyarin nan, ko ɗan koyo ba zai yi haka ba. Bai ma taɓa bango ba! Ƙanina ya rantse kuskure ne.

Ɗan Ferrari: Haba Oga. Titin Monako kamar lungu yake, kowa na iya kuskure. Shi da bakinsa ya musanta.

Hajiyar Tsere: Malam, ai alƙalan tseren sun duba bayanan motar, suka mai da shi ƙarshen layi. Kuma ba farau ba ne. A tseren Jerez na Sifen a 1997 ya kai wa motar Villeneuve karo, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta soke sunansa daga jadawalin shekarar kakaf. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Ɗan Ferrari: To Hajiya, daga can bayan ya ƙare na biyar, a titin da wuce mota sai da ƙyar.

Mai Gareji: Gwanintarsa ba ita muke musu ba. Tsayawar nan da ya yi a Rascasse nake tambaya.