Abin da aka tsayar a zaman masu taimaka wa matasa neman aiki a Makka

Maganar da ta fi cin lokaci a zaman ita ce ta takardu. Duk wanda ke haɗa matasanmu da masu ɗaukar aiki, aka ce ya fara tambaya: ɗan ƙasar Saudiyya ne ko mai igama, wato takardar izinin zama ta baƙi? Hanyoyinsu daban suke. Ɗan ƙasa yana iya rajista a Jadarat, shafin neman aiki na gwamnati, ya nemi Tamheer, horon da ake yi a wurin aiki, na Hadaf, asusun gwamnati mai tallafa wa 'yan ƙasa su samu aiki. Mai igama kuwa, kwantiraginsa da canjin wurin aikinsa ta shafin gwamnati na Qiwa suke bi, masu aikin gida kuma ta shafin Musaned. Wata hajiya ta ce ta ga yarinyar da aka tura ofis uku da fayil a hannu, babu wanda ya duba igamarta ta ƙare.

Shi ya sa aka ba da shawarar kada a riƙa cewa "je ka wuri kaza" kawai. A buga waya, a faɗa wa mai neman aikin sunan wanda zai tarbe shi, bayan mako biyu a sake bibiya. A ganina wannan ta fi duk sauran amfani.

Kan mata 'yan ƙasa masu aiki, an tuna cewa Hadaf na da tallafin Qurra na renon yara da Wusool na kuɗin mota, amma da yawa ba su sani ba. Malaman islamiyya da ƙungiyoyin unguwa su isar da labarin.

Cibiyoyin koyon sana'a kuma, su fara jin abin da otal-otal da kamfanonin hidimar alhazai ke nema kafin su buɗe aji.