Neman shawara: yadda zan ajiye motar tafi-da-gidanka a ƙauye tsawon damina

Malamin Firamare, Ringim:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na sayi tsohuwar Toyota Hiace mai shan fetur, na cire kujerun baya, kafinta ya haɗa mini gado da akwatin kayan girki, na kuma sa tankin ruwa da ƙaramar tukunyar gas domin tafiya da iyali lokacin hutu. Sau biyu muke fita a shekara: a Disamba mu je Baturiya kallon tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, a Afrilu kuma mu nufi Yankari yara su yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Daga nan sai ta zauna wata bakwai a ƙofar gidanmu a ƙauye, ƙarƙashin darbejiya, lulluɓe da tamfol, ƙanena yana tayar da ita na minti biyar kowace Juma'a. Duk da haka, da kaka ta yi na tarar batir ya mutu, ƙafafun baya sun ƙi juyawa, katifa kuma ta yi fumfuna. Ina kuskurena yake?

Bakanike, Wudil:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ga laifin ƙanenka, amma tayarwar nan ta Juma'a tana cikin abin da ya kashe batirin. Wutar da mota ke ja lokacin tashi ba ta dawowa a minti biyar tana tsaye, kuma injin da bai yi zafi sosai ba yana tara gumi a cikin salansa da baƙin mai, wanda shi ke jawo tsatsa. Ko dai a hau ta a yi tafiyar rabin awa a kan kwalta sau ɗaya a wata, ko a ƙyale ta gaba ɗaya. Idan za a ƙyale ta, a cire kan batir mai alamar ragewa, ko a ɗauke batirin a kai ɗaki mai sanyi, domin zafin bazara da ke haura digiri 40 yana zuƙe caji da sauri. Lafiyayyen batir mai cike yana nuna wajen bolt 12.6, idan ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, ya fara lalacewa ke nan. Tunda yanzu sola ta shiga ƙauyuka da dama, ƙaramin faranti guda tare da na'urar daidaita caji ya isa ya riƙe maka shi.

Ƙafafun da suka ƙi juyawa kuwa, na tabbata birkin hannu ka ja ka tafi. Danshin damina ne ya manne takalmin birki da gangarsa. Ka bar ta a giya, ka sa waigi gaba da baya kamar yadda 'yan kamasho da yaran manyan motoci suke yi. Ka yi juyen baƙin mai kafin ajiya, kada ka bari sai ranar tafiya. Ka ɗan ƙara wa tayoyi iska, ka ɗora su a kan katako ko daɓen siminti maimakon jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka kuma kare su daga rana, don ita ce ke tsattsaga gefensu. Ka cika tanki da fetur saboda kada iska mai danshi ta sami wurin zama a ciki.

Hajiya Maman Yara, Gwaram:

Malam, bakanike ya faɗi nasa, ni kuma zan faɗi abin da na gani da idona. Maigidana ya taɓa ajiye motarsa wata uku kusa da rumbu lokacin da ya tafi Makka. Da ya dawo aka buɗe gaban motar, sai ga sheƙar ɓera a cikin akwatin matatar iska, an shimfiɗe ta da soson kujera da ɓawon gyaɗa, har da jajayen 'ya'ya guda biyar a kwance. Wayoyin da ke zuwa fitila kuwa an gaigaye su har jan ƙarfen ya fito, kuma kuɗin mai wayarin ya fi kuɗin duk gyaran da aka yi wa motar a wannan shekarar.

Taku ta fi haɗari, domin ɗakin girki ce mai taya. Ƙwayar shinkafa ɗaya ko ɗigon man gyaɗa a ƙasan akwati ya isa ya kira su. A kwashe komai, a share, a goge, a fitar da katifa da barguna a kai cikin gida. A nisanta motar daga rumbu da tarin kara, a nome ciyawar da ke kewaye, a toshe bakin salansa da soson ƙarfe na wanke tukunya, amma a rubuta a takarda a manna a sitiyari don kada a manta a tayar da ita a haka. Tankin ruwa a zubar da shi tas a bar shi ya bushe. Tukunyar gas kuma, don Allah, kada ta kwana a rufaffiyar mota. A ajiye ta a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa kuma yara ba sa kaiwa.

Manomi, Auyo:

Ranka ya daɗe bakanike, a kan cika tanki ban bi ka ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tanki cike a ƙofar gida ba tare da mai shi ba jarabawa ce ga samari, kuma fetur ɗin da ya yi wata bakwai yana rage ƙarfi, har ya bar danƙo a hanyar mai. Idan za a riƙa hawan ta duk wata, to na yarda. Abin da ya fi damuna shi ne wurin. Darbejiya na zubar da 'ya'ya da ganye su toshe magudanar ruwa ta ƙasan gilashi, tsuntsaye su yi kashi a kan fenti, iskar farkon damina kuma tana karya reshe. Tamfol ɗin da ka ɗaure kam shi ya kulle danshi ya haifar da fumfuna. Ka kafa rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe a kan tudu. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a wannan yanki, kuma Ringim ma ba ta tsira ba, mun san motar da ruwa ya kai wa kujera da wuya ta koma daidai.

Malamin Firamare, Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai tudu a bayan gidan baffana, nesa da rumbu, kuma ya amince a kafa rumfar a can kafin ruwan farko. Ƙanena yana da lasisi, saboda haka zai riƙa kai ta kasuwar Gujungu sau ɗaya a wata. Hajiya, na leƙa ƙasan akwatin girkin jiya, na kuwa tarar da kashin ɓera.