Rautar gida ta fara tsufa, a canja ko a gyara?

Maman 'Yan Biyu: Slm jama'a, dan Allah masu sanin abin nan ku taimaka min. Rautarmu, na'urar nan mai raba intanet ta wayfai a gida, irin ta 4G ɗin nan ce mai sim, tun lokacin korona muka saye ta kuma da can lafiya lau, amma yanzu sai fitilar ta yi ja ta dawo ta sake yin ja, bidiyo yana ta juyawa, da daddare kuwa ko saƙon murya sai an sha jira. Maigida ya ce a sayo sabuwa, ni kuma kuɗin nake ji wlh.

Ɗan Zariya: Wslm Hajiya. 5G kawai za ku saya ku huta, zamanin 4G ai ya wuce

Mai Gyaran Farm Centre: A'a mallam, ka bari tukuna a san ciwon kafin a rubuta magani. Hajiya abu na farko, ki zare sim ɗin ki sa a wayarki, ki tsaya daidai inda rautar take ki gwada da rana ki kuma gwada bayan isha'i. In wayar ma tana rarrafe da daddare to ba ruwan rauta, ƙarfen sabis ɗin unguwarku ne ya cika da jama'a, ko sabuwa dal kika kawo haka za ta yi. In kuma waya na gudu rauta na ci gaba da yankewa sai mu dawo kanta.

Maman 'Yan Biyu: Toh zan gwada. Amma fa wani lokacin kashe kanta take yi gaba ɗaya ta sake tashi

Mai Gyaran Farm Centre: Yauwa, wannan maganar ce nake jira. Ki duba adaftar, baƙin kan nan da ake sokawa a soket. Yawancin waɗanda ake kawo mana an ce sun mutu lafiyarsu ƙalau, adafta ce ta gaji. Cikinta akwai ƴan kafasito, zafi da ƙaramar wuta da tashin janareto su suke cinye su, in ka fasa sai ka ga kansu ya kumbura har wani ruwa ya bushe a gefe. To sai ta daina ba da cikakkiyar wuta, rauta ta kunnu lafiya amma da yara sun hau YouTube ta nemi ƙarin wuta sai ta faɗi ta sake tashi. Ki juya bayan rautar za ki ga an rubuta irin 12V 1A, ki nemi adafta mai bolt iri ɗaya sak da wanda aka rubuta, am ɗin in ya ɗan fi babu komai amma kar ya gaza, bakin ma ya yi daidai.

Hajiya Babba: Ni tawa a kan dikoda take a rufe da ɗan mayafi saboda ƙura, laifi ne?

Mai Gyaran Farm Centre: Babban laifi Mama 😂 dafa ta kike yi. A cire mayafin, a busa ramukan nan da ƙurar hunturu ta toshe, a ɗora ta sama kusa da taga.

Malam Mai Lissafi: Ina da ƙari. Tsufan iri biyu ne, akwai na lalacewa akwai na zamani ya wuce ta. Da yawa cikin tsofaffin nan Cat 4 ne, wato ajin saurinsu, iyakarsu 150 Mbps a takarda kuma band ɗaya, wato layin sigina ɗaya, suke kamawa a lokaci guda, su kuwa Cat 6 zuwa sama suna haɗa band biyu. Sannan wayfai ɗinsu 2.4GHz ne kaɗai, wanda na maƙwabta ma duk a nan suke cunkushe. A da waya biyu ce a gidan, yau ga talabijin ga laftof ga wayoyin yara ga ɗan maƙwabci da aka ba fasuwod tun bara. Ki buɗe burauzar wayarki ki shiga 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, wanda dai aka rubuta a jikinta, ki ga mutum nawa ne a kai.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi na shiga yanzu, sunayen wayoyin da ban sani ba sun fi namu yawa

Admin: Hhhh sadaka mai gudana kenan, ga shi data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Canja fasuwod yau ɗin nan.

Ɗan Zariya: Ni dai har yanzu 5G nake cewa, ko Starlink in da hali

Malam Mai Lissafi: Ba a ƙi ba, amma MTN ta fara 5G tun 2022, Airtel a 2023, kuma har yanzu ba kowace unguwa ya kai ba, ga shi bango mai kauri yana rage shi sosai. A ari rautar 5G ta wani a gwada a cikin ɗakin kafin a biya. Starlink kuwa, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a 2023, ga kuɗin kwanon ga na wata-wata ga cin wuta, in babu sola ko inbata ado za ka ajiye.

Hajiya Babba: To wannan ɗan batirin da ake haɗawa da rauta in an ɗauke wuta fa, yana aiki?

Mai Gyaran Farm Centre: Yana yi Mama, ƙaramin UPS ne, yana ma hana ta yawan mutuwa da tashi. Sai dai jabu sun cika kasuwa, ki tafi da rautar a gwada a gabanki. Maman 'Yan Biyu ke ma ki ɗauko min hoton bayan adaftar taki in gani kafin ki aiki yaro.