Wane kundin waƙoƙin Arai Yumi ya kamata in fara saurara?

Aminu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kwanakin baya na kalli fim ɗin zane na Hayao Miyazaki da ya fito a 2013, wanda ya ba da labarin wani mai ƙera jiragen sama, kuma waƙar da aka rufe fim ɗin da ita ta ƙi barin zuciyata. Da na bincika sai na ga sunanta Hikoki-gumo, ta wata mawaƙiyar Japan mai suna Arai Yumi. Ina neman shawararku kan inda zan fara.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba sai ka je nesa ba, domin waƙar da ka ji ita ce ta buɗe kundinta na farko, wanda shi ma sunansa ke nan, kuma ya fito a watan Nuwamba na 1973, lokacin tana da shekara 19 kacal. Ma'anar sunan ita ce farin layin da jirgi ke bari a sararin sama bayan ya wuce, kuma ta rubuta waƙar ne tana tunawa da wani abokin karatunta da ya rasu da ƙuruciyarsa. Ita ta rubuta baitocin, ita ta ɗora musu karin sauti, ita ke kaɗa fiyano. Shawarata ita ce ka sa abin sauraro a kunne da dare, bayan gida ya yi tsit, ka bi kundin daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Ka kasa kunne ga muryarta, yadda take fita miƙe ba karkarwa ba ƙawa, sannan ka lura da jitar bes da ke tafiya a ƙarƙashinta a natse. Hosono Haruomi ne ke kaɗa ta, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Yellow Magic Orchestra.

Malama Hadiza:
Malam Bashir, ban ƙi taka ba, amma ni da kundinta na biyu, Misslim na 1974, zan fara ba shi. Kundin farko akwai nauyin zuciya a cikinsa, kuma wanda bai saba ba yana iya jin kamar waƙoƙin duk tafiyarsu ɗaya. Na biyun ya fi haske da walwala, ga amshin da mawaƙi Yamashita Tatsuro ya tsara, wanda ya cika sautin ƙwarai. Tun da ta hanyar Miyazaki ka shigo, Aminu, a nan ne za ka tarar da waƙar da ya rufe fim ɗinsa na 1989 da ita, na yarinyar nan mai kai saƙo a kan tsintsiya. Bayansa sai Cobalt Hour na 1975, inda kiɗan ya ƙara sauri.

Rabi'u:
Abu ɗaya zan ƙara, domin ni ya taɓa ɓata mini lokaci wajen nema. A 1976 ta auri Matsutoya Masataka, wanda yake cikin makaɗan kundin farkon, daga nan sunanta ya koma Matsutoya Yumi, masoyanta kuwa Yuming suke ce mata. Saboda haka ka nemi sunayen duka biyu, in ba haka ba wasu faya-fayan za su ɓuya maka.

Aminu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, ki yi mini afuwa, daren yau da na 1973 zan fara, domin ina so in ji abin da ya biyo bayan waccan waƙar a kan faifan. Misslim kuma sai ranar Asabar, in Allah ya kai mu.